Malam Misbahu da Taɓaryar Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan azahar, ƙanena Armiya'u ya kira ni ya ce Allah ya karɓi ran Malam Misbahu, mai shagon gyaran sauti na bakin kasuwar Ƙaura Namoda, bayan ɗan gajeren zazzaɓi.

Malam Misbahu, ni ba 'yar'uwarka ba ce. Uwata ce ta haɗa mu, bayan rasuwarta. Inna Tasalla ba ta yarda a ɗauke ta a waya. Abin da ya rage mana na muryarta shi ne bidiyon sunan ɗana a Zurmi, tana can baya tana daka tana waƙa, kalangu da janareto da guɗar mata sun danne ta. Ina ganin bakinta yana motsi, ba na jin abin da take cewa. Ga shi na fara mance muryar, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Da Armiya'u ya kai ni wurinka, na tambaye ka, in an dama fura da nono wa zai iya raba su? Ka yi dariya ka ce, "Yaya Zubaida, kunnenki na yin aikin ga kullum. Ɗanki ya yi kuka cikin kasuwa, ba ki jin shi?" Ka nuna mini sautin a kwamfuta, a jere kamar kunyoyin gona: janareto a ƙasa, guɗa a sama, Inna a tsakani. Na ce to kalangu fa, tunda shi ma magana yake? Ka ce shi ne mai wuyar. Har yau ina mamakin yadda inji ke gane fatar kalangu daga maƙogwaron mutum. Na so in sake tambayarka.

Da ka gama, ka kunna mini muryar ita kaɗai, fes. Na saurara, na ce, "Wagga ba Inna ba ce." Waƙar tana tsinkewa ba dalili, kamar mai ciwon ƙirji. Ba ka ji haushi ba. Da sautin kaɗai ka yi aiki, ba ka kalli hoton ba. Ka ce, "Mi takai lokacin?" Na ce daka. Ka dafe kai ka ce, "Ashe taɓarya na cire mata." Inna tana sakin numfashi ne daidai inda taɓarya ke faɗa wa turmi.

Washegari ka aiko mini saƙon murya: "Na maida taɓarya, ki taho ki ji Inna." Na zo, na ji ta. Na zauna a bencinka na yi kuka, kai kuma ka fita waje ka ba ni wuri.

Ranar ukun rasuwarka na je gaisuwa, na kunna wa maiɗakinka Saudat saƙon nan. A bayan muryarka akwai ƙahon keke napep da ƙarar janareton shagonka. Wata ta ce a nemi mai cire hayaniyar. Saudat ta ce a bar shi, haka take jin ka in ta kira ka da rana.

Allah ya jiƙan ka, Malam Misbahu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Saudat da yara da dangi duka, Allah ya ba ku haƙuri. Yadda ka tsamo mini Inna daga cikin hayaniya, Allah ya kira sunanka cikin taron ranar ƙiyama, ka ji, ka amsa.