Kawu Ba-Gogewa da Gishirin Yayarsa

Daga bakin Mama na fara jin sunan, tana kankare ƙasan tukunya: "Ba-Gogewa zai zo cin abinci, miƙo min gishiri." Sai da na girma na san ƙaninta ne, kuma a wurin aiki aka laƙaba masa sunan.

Aikin Kawu a ɗaki mai fanka ɗaya yake, gaban kwamfuta. Yana ƙera wa masu rubuta manhaja ƙananan kayan aiki, su kuma su gina a kan wata sarƙar bayanai wadda abin da ya shiga cikinta ya shiga ke nan har abada. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane ɗan kayan aiki ya yi abin da aka sa shi, kada ya taɓa na kowa, kada ya sauya abin da aka ba shi, sai dai ya fito da sabo. Yakan ce da mutane haka suke, da alƙalai sun koma noma.

Wata rana yana gwaji, yana neman kowace irin jimla ya tura. Cikinsa na ƙugi, harshensa na tuna abincin jiya, sai ya rubuta: "Yaya ba ta san awon gishiri ba." Ashe ba sarƙar gwaji ya tura wa ba, ta gasken ce. Abokin aikinsa, mai baki kamar rariya, ya kai wa Mama labari har gida.

Mama ce ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, kuma a gidanta kaɗai yake cin girkin hannu. Ta kifa kwanonsa.

"Je ka goge, autan banza."

"Yaya, ba ya goguwa. Amma na ƙara wani a ƙasa, na ce kin iya."

"Na saman fa?"

"Yana nan."

"To ni ma ina nan."

Da ƙyar ta ɗaga kwanon, bisa sharaɗin ba zai rage ko loma ba. Tun daga ranar hannunta ya ƙara nauyi wajen zuba gishiri a nasa kason. Kawu yana ci, yana kora ruwa, yana yabo. Mutumin da baƙi a nesa ke amfani da aikinsa bai iya sauya cokali ɗaya ba.

Ranar da ya ji ina tattara tarihin gidanmu, ya ja ni gefe.

"'Yata, in kin zo kaina, don Allah ki rubuta da fensir."