Haƙoran Gaba na Tafinta Wilfred

Shekara goma sha tara Wilfred ya yi yana tsayawa gefen fasto a cocinsu na Makera, fasto na wa'azi da Turanci, shi yana juyawa da Hausa. Mutumin Kagoro ne, da ƙuruciya ya zo Kaduna ya kama aiki a masaƙar Kakuri. A can ne wani ƙarfe ya ɓalle daga inji ya zubar masa da haƙora huɗu na sama. Tun daga ranar na roba yake sawa, kuma a coci ba wanda ya sani sai iyalinsa.

Da girma ya zo, dasashi ya motse, robar ta fara rawa a baki. Wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi ya ɗaga murya, haƙoran suka kufce suka faɗi gaban jama'a. Ba wanda ya yi dariya. Wata dattijuwa ta ɗauka da hankici ta miƙa masa, ya karɓa ya fice ta ƙofar gefe. Wata biyar bai sake taka cocin ba.

'Yarsa Favour ce ta matsa, ta kai shi wurin wata likitar haƙori, Dakta Vivian. Ta ɗauki hoton muƙamuƙinsa, ta ce za a iya dashe: ƙarafa biyu masu kama da ƙusa za a kafa cikin ƙashi, in ƙashin ya riƙe su sai a ɗora haƙora huɗu a kai.

"Amma Baba, suganka ya yi sama," in ji ta. "In na taɓa ka haka, ciwon ba zai warke da kyau ba."

Matarsa Patience ta karɓi ragamar cikinsa. Ta raba shi da shayi mai zaƙi da burodi, sai acca da ganye. Bayan wata uku likita ta amince.

Ranar aikin, da hantsi, an yi masa allurar kashe zafi, an kafa ƙarfen farko. Ana cikin huda ƙashi don na biyu aka ɗauke wuta. Fitila ta mutu, injin zuƙe jini ya yi shiru.

"Baba, kada ka rufe bakin, kada ka motsa," Dakta Vivian ta ce a hankali.

Yana jin jini na taruwa ƙarƙashin harshensa. Nas ta haska da waya tana danna auduga. A waje ana jan janareta, ya yi tari ya mutu, aka sake ja, ya sake mutuwa. Wilfred ya damƙe hannun kujera har yatsunsa suka sandare. A ja na huɗu wuta ta kawo, aka ƙarasa.

Wata huɗu ya jira. Da ya koma, likita ta gwada na dama, daram. Ta taɓa na hagu, ta sake taɓawa. Shi ma ya ji motsin.

"Wannan bai kama ba. Sai an cire, ramin ya cike, mu sake."

A keke mai ƙafa uku, hanyar gida, ya ce wa Patience ya haƙura, ba zai sake kwanciya a kujerar nan ba.

"Baban Favour," ta ce, "rabona da in ji ka yi magana ba hannu a baki har na manta. Ni ba na so ka ƙarasa rayuwarka haka."

Kwana biyu yana juya maganar a ransa. A na uku ya ce Favour ta kira asibitin.

Sabon ƙarfen da aka kafa ya kama. Shekara ɗaya da rabi bayan ganin likita na farko aka ɗora masa haƙoran. Makonni yana fito in ya zo kan harafin "s", sai ya riƙa karanta wa Patience Zabura a tsakar gida har harshen ya saba.

Kafin nan coci ta riga ta sa wani malamin makaranta, Harrison, a matsayin tafinta, kuma Wilfred bai nemi a cire shi ba. Yanzu sujadar safe yake wa fassara, wadda tsofaffi suka fi zuwa. Duk wata shida yana zuwa likita ta duba shi, kuma har yau tana faɗa da shi kan shan rake.