Tururuwa a Ludayin Gwaggo

Ni dai tun tasowata ba a taɓa zargina da yawan hankali ba. A makarantar allo iya abin sallah na samu, shi ma da ƙyar. Boko kuwa ta taga na leƙa ta, malamin ya ɗaga bulala, ban sake bi ta hanyar ba. Wautar da na tafka a duniya in aka tara ta sai ta cika rumbu. Amma akwai guda ɗaya da har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba, don ita kaɗai ce ta yi mini rana.

Lokacin ruwan madatsar Tiga bai daɗe da cinye garinmu ba. An kwaso mu an zube a sabon matsuguni ta wajen Bebeji, fili fetal, ba kuka ba tsamiya. Iyayen matata kuwa can aka kai su ɓangaren Tudun Wada, ruwa ya shiga tsakaninmu. Ga ta da cikin fari, wanda a al'ada gidansu za ta je ta haihu ta yi wanka. To damina ta kankama, hanya ta yanke, haihuwa kuma ba ta jira kowa ba. Sai ga 'ya mace a ɗakina. Mahaifiyata ta riga mu gidan gaskiya, don haka jego ya faɗa hannun yayar babana, Gwaggo, tsohuwar da kusan duk sa'o'ina ita ta yanke musu cibi.

Ni a tunanina aikin uba itace ne da rago. Itace na jibge shi, rago yana ɗaure. Sai na shiga majalisa ina tafiya kamar ni na gina madatsar. Ba na zancen jaririya, ba na kallon ɗakin, don 'yar fari ce, kuma a wancan zamanin duk wanda ya nuna ya damu da ɗan fari ya zama abin dariya har ya mutu. Uwar ma haka. Ko ɗaukarta ba ta yi a gaban mutane.

Yaran yanzu ba su san wannan ba, bari in faɗa musu. Da, ba a ba jariri nonon farko, dakashi, ana tatse shi a zubar. In farin nono ya zo kuma sai an gwada shi. A tatsa a ludayi, a jefa tururuwa a ciki. In ta yi iyo ta fita, nono mai kyau ne. In ta mutu a ciki, mugu ne, ba za a ba yaro ba sai an yi magani.

Gwaggo ta gwada, tururuwa ta mutu. Ta jiƙa saiwoyi, matata ta sha har tana kakarin amai, aka wanke mama da ruwan magani, aka sake gwadawa. Wannan ma ta mutu.

Sai aka koma ɗura wa jaririya nonon akuya da ruwa. Cikinta ya ƙi karɓa. Kukan da take tsalawa ranar da ta zo, wanda har maƙwabta ke cewa wannan ta gado bakin ubanta, ya koma kamar na 'yar kyanwa. Ni kuma ina waje ina fasa itace, ina yi kamar kurma.

Wata safiya matata ta fito daga wanka, jikinta na tururi. Ta tsaya a jikin zana, ina ɗaya gefen. Ba ta dube ni ba.

"Kana ji na?"

Na ce, "Ina ji."

"Yarinyar mutanen nan maɗigarta ta fara faɗawa. Ni kuma ƙirjina kamar zai fashe, ga abinci ga mai ci, an hana. Gwaggo ta ce gobe za a yi na ƙarshe. In ta sake mutuwa, shi ke nan, akuya ce uwarta."

Tun da nake, ranar na fara jin tsoro na gaske. A matsugunin nan na riga na raka ƙananan gawarwaki makabarta, na san nauyinsu a hannu.

Da hantsi Gwaggo ta sa ni riƙe akuya tana tatsa. Da ta gama ɗura, ta ajiye ludayin nan da ake gwajin da shi a gindin turmi da ɗan sauran nono a ciki, ta shiga ɗaki. Ni da ba ni da abin yi sai na tsuguna ina kallon ƙasa. Can sai ga wata tururuwa ta hau bakin ludayi, santsi ya kwashe ta, ta faɗa. Ta yi iyo ta kai gefe, ta kama hawa, ta zame. Ta sake, ta zame. Haka ta yi ta yi har ta daina motsi.

Na ce a raina, ikon Allah, to akuyar ma mugun nono gare ta?

Na sa yatsa na shafa cikin ludayin. Sulɓi kamar tangaran. Ya sha maiƙo da hannu shekara da shekaru, har ɗaukar ido yake. Ko ni aka jefa a ciki ba zan fita ba.

Da Gwaggo ta fito na rusuna. "Gwaggo, Allah ya ba ki haƙuri, anya ba ludayin nan ne..."

"Ludayin me?" Ta kama haɓa. "La ilaha! Yau ga marar kunya. 'Yar fari, ko cibi bai faɗi ba, har ka fara shiga maganar mama? Da ludayin nan aka gwada nonon uwarka, ja'iri. Da ruwa ya taso, tukwanena na bari na ɗauko shi. Tashi ka ba ni wuri, ka je ka nemo mini tururuwar gobe."

Ban ga laifinta ba, har yau. Ita ma ta binne nata 'ya'yan, kuma mugun nono aka ce mata. Tsoro ne ya sa take tsanantawa. Amma na gane magana ba za ta yi ba.

Akwai busassun 'ya'yan duma da muka taho da su daga tsohon gari. Na zaɓi mai dogon wuya na fafe shi, ban goge cikinsa ba, na ma ƙara karce shi da bakin wuƙa. Na tatsi akuya a cikinsa a sace, ta harbe ni a gwiwa, na ɗingisa zuwa bayan gari inda gidan tururuwa yake. Na jefa ta farko, ta yi iyo, ta kama gefe, ta haye abinta tana share ƙafafu. Na jefa wata, ta fita. Na zaɓo wata ramammiya mai kama da ta yi jinya, ita ma ta fita!

Ashe abokaina masu dawowa daga su sun tsaya a kaina da tarunansu, ni kuwa ina tsugune ina cewa, "Yauwa 'yar albarka, ɗago ƙafa, saura kaɗan!"

Ɗaya ya ce, "Wayyo, haihuwa ta taɓa shi."

Wani ya ce, "Angon ƙarni, rago ne ya gagara za ka yanka mana tururuwa?"

Na ce, "Ku dai ku zo suna da manyan akusa."

Saura tsohon ludayi. Da la'asar, Gwaggo na bayan ɗaki tana fama da tukunyar wanka, na lallaɓa na ɗauko shi, na shimfiɗa buzu a kansa, na yi bismilla na ɗora masa ɗuwawu. Ƙarar da ya yi har cikin raina na ji ta. Sannan na kurma ihu ina salati, ina cewa na zauna a kan abu ban gani ba.

Zagin da na sha ranar, in da tuwo ne da na ƙoshi har bayan suna. Ta zage ni, ta zagi wautata, ta taɓo kakana na wajen uwa. Ta tsince gutsattsarin tana hawaye, ni ma na kusa yi. Da ta lafa na miƙa mata sabon da hannu biyu.

Ta juya shi ta taɓe baki. "Wannan wane makaho ne ya fafe shi?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo."

"Ai na gani."

Washegari mata suka cika ɗaki. Na kai tururuwa a cikin ɗan ƙoƙo, na dawo bayan zana na tsaya da gatari a hannu kamar mai aiki. Shiru. Sai wata maƙwabciya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nan tana hawa!"

Gwaggo ta ce, "Ku yi mini shiru. A miƙo wata."

Aka sake yin tsit. Sai na ji muryar tsohuwa ta canja. "Alhamdu lillahi. Magani ya ci. Ke, karɓi 'yarki, yau ba ranar kunya ba ce."

Guɗa ta tashi. Da ta kwanta, sai na ji wani ɗan sauti, cut, cut, cut, da haɗiya a bayansa. Jama'a, na ji kiɗan kalangu, na ji na kotso, ban taɓa jin abin da ya kai wannan daɗi ba. Na yar da gatari na kama rawa a tsakar gida ni kaɗai, da gurguwar gwiwata, rago na kallona. Mata suka leƙo suna tafa hannu suna cewa, "Ku zo ku ga uban 'yar fari!" Sunan ya bi ni shekaru. Ko a jikina.

Kafin suna maɗiga ta ciko, kuka ya dawo har ya fi na da. Yarinyar nan yanzu jikokinta sun fi ƙarfin tabarma ɗaya, kuma bakin nan nata bai ragu ba. Daga baya ma'aikatan asibiti suka zo suna cewa dakashin ma da muke zubarwa shi ne maganin jariri. Wannan iliminsu ne, ni ban kai can ba. Abin da na koya a gindin turmi shi ne, in an ce abu ya lalace, a duba abin da aka auna shi da shi tukuna. Na kuma koyi cewa dariyar mutane ba ta kashe uba, amma kunyarsa tana iya kashe ɗansa.

Ranar suna da yamma, an watse, na kai wa Gwaggo kan rago da ƙafafu, rabonta na ungozoma. Tana zaune da jaririya a cinya, tana shan kunun kanwa da ludayina mai kaushi. Na durƙusa na ajiye. Har na miƙe zan tafi ta kira ni, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ɗan nan, ludayin nan nawa a saman rumfa nake soke shi. Tsani ka sa ka hau ka zauna a kansa?"