Mainasara da Warƙar da Ta Rasa Gurbi

Kawuna Mainasara, wan mahaifiyata Kulu, mutum ne mai wuyar sha'ani, kuma ba zan ɓoye wannan ba don ya riga mu gidan gaskiya. Idan ka ari littafinsa ka lanƙwasa bakin shafi, to ka sayi gaba ta wata guda. Amma shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a ɗakin karatun jami'a, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban ji wanda ya ce ya ba shi ajiya ta salwanta ba. Ina alfahari da shi ƙwarai, duk da ni ma na sha faɗansa.

A Achida aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Abdulƙadiri, manomin gero ne da ke karantar da littattafai a zaure bayan la'asar. A nan kawu ya iya Larabci da ajami. Boko kuwa a elementare ta Wurno ya same shi, ba da son ran tsohon ba. Da En'e, wato hukumar gargajiya, ta buɗe ɗakin karatu a Wurno, ɗaki ɗaya ne da benci biyu da kabad da jaridu, sai aka ba shi kula da shi. Dokarsa ta farko ita ce tulu da ƙwarya a bakin ƙofa. Kowa ya zo sai ya wanke hannu, musamman masu noman albasa. Wani daga cikinsu ya taɓa ce masa, "Malam, wai jarida ta ko tuwo?" Kawu ya ce, "Tuwo in ka ci ya ƙare. Wagga ko mutum talatin za su karanta ta bayanka, kuma ba albasa sunka zo shaƙa ba." Mutumin ya wanke hannun yana gunaguni.

A shekarar 1954 wani Bature ya zo daga babbar kwalejin jami'a da ke kudu. Littattafan rubutun hannu yake nema a ba shi aro, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. Ya yi mako biyu yana yawo tsakanin Rabah da Wurno, ana ba shi ruwa da tabarma da kyakkyawar magana, ba wanda ya nuna masa ko warƙa ɗaya, wato fallen takarda. Sai da aka haɗa shi da kawu sannan ƙofofi suka soma buɗewa. Baturen ba wawa ba ne, nan take ya nema masa aiki a ɗakin karatunsu. Daga nan kawu ya hau, ya zama mai kula da sashen rubutun hannu, ya koyar da ma'aikata da dama, ya yi ritaya ya dawo Achida ya ci gaba da hana mu taɓa kabad ɗinsa. Amma shi da bakinsa ya ce duk aikin nan a kan littafi ɗaya ya tsaya, na Inna Asta.

Wanda bai san irin waɗannan littattafai ba, ga yadda suke. Ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne sake, a jere, a cikin gafaka, wato jakar fata mai maratayi. Ba lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalma ɗaya da mai rubutu ke sawa a can ƙasan warƙa, ita ce kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Idan littafi ya watse, wannan kalma ake bi a tattara shi.

Inna Asta tsohuwa ce Bafillata, uwar wani makiyayi mai suna Bube, rugarsu tana gabas da Goronyo. Littafin na mahaifinta ne, Modibbo Manu, littafin fiƙihu ne da ya cika gefensa da sharhi cikin Fulatanci. Sau uku kawu yana zuwa kafin ta yarda. Ran da ta miƙa masa gafakar, Baturen na tsaye gefe, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta ce, "Ɗana, ba Bature nib baiwa ba, kai nib baiwa. Littahi guda gare mu, shi na wanga. Da an gama girbin gero shanu za su tashi. Ka maido min shi kahin nan."

Ya ce, "Inna, in Allah ya yarda, kahin shanu su tashi shina hannunki."

Kawu ya tafi da littafin kudu, an ɗauki hoton lafiya. Sai zazzaɓi ya kwantar da kawu kwana huɗu. A teburinsa ya bar littafi biyu, na Asta da wani da aka aro daga Rabah, takardarsu iri ɗaya, girmansu ɗaya. Wani akawu mai son tsabta, wanda bai san ko bihim a Larabci ba, ya ga tarin takardu ba ɗinki. A ganinsa littafi ne ɗaya da ya lalace. Ya tattara su wuri guda, ya bubbuga su a tebur suka daidaita, ya aika da su ɗakin masu ɗinkin littattafai, yana jiran a yaba masa. Su kuwa masu ɗinki, in sun ɗinke, sai sun datse bakin takarda da wuƙar inji don ya yi sumul. A bakin takardar nan sharhin Modibbo yake, da kalmomin da ke riƙe da jeri.

Kawu mutum ne da ko ruwan sama bai sa shi sauri. Ran da ya warke ya ji inda aka kai takardun, aka gan shi yana gudu da babbar riga, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya tarar an jera takardun a gaban injin, ba a kai ga sauke wuƙa ba. Bai yi wa kowa tsawa ba, ya dai rungume su ya fito. Akawun ya sha faɗansa daga baya, kuma na tabbata bai manta ba.

Warƙa ɗari huɗu da 'yan kai ne a cakuɗe. Raba hannun marubuta biyu bai ba shi wuya ba, jerawa ce aiki. Kwana goma sha ɗaya yana bin kalma zuwa kalma, yana sane gero na nuna a gida. Duka suka shiga gurbinsu sai warƙa ɗaya. Fulatancin Modibbo ne zalla a cikinta, gara ta cinye gindinta tun da daɗewa, kalmar farkonta kuma ta dace da wuri biyu. Fulatancin kawu na cinikin nono ne, bai kai ya raba masa gardama ba.

Baturen ya ba shi shawara mai sauƙi, ya sa ta a ɗaya daga ciki, su rubuta a katin ajiyarsu cewa ba tabbas. Kawu ya ce katin a nan zai zauna, littafin kuwa ruga zai koma, kuma jikokin Modibbo ba za su zo kudu duba kati ba. Ya ɗora warƙar a saman littafin, a fili, ya ɗaure gafaka.

Jirgin ƙasa ya kai shi Gusau, babbar mota ta kai shi Sakkwato, daga nan ya ari keke. Tun daga Wurno ya ga gonaki sai kara, ransa ya ɓaci. Da ya isa rugar, ba saniya ko ɗaya, sai busasshen kashin shanu da gurbin bukkoki. Bukka ɗaya ce tsaye. Asta na zaune a bakinta tare da 'yarta Mero. Bube ya tashi da shanu kwana shida da suka wuce, ya yi juyin duniya tsohuwar ta ƙi binsa.

Kawu ya durƙusa ya gaishe ta, kunya ta rufe shi. Ya ce, "Inna, na saɓa rana."

Ta ce, "Ka saɓa. Amma ka ce kana zuwa, shi yas sa niz zamna. Mi yat tsaishe ka?"

Ya gaya mata komai, da akawun da injin da kwana goma sha ɗayan, bai rage ba. Sannan ya ce, "Littahinki ya cika, amma ga warƙa guda ban san gurbinta ba. Ban yarda in cusa ta inda ban tabbata ba."

Ta ce ya karanta mata. Ya fara, yana tuntuɓe a kan kalmomi. Mero ta rufe baki da gyale, ita ma tsohuwar sai da ta dara. "Wanga Hillanci naka, ko maraƙi ba ya amsa shi." Sai ta karɓe daga inda ya tsaya, ta ci gaba da ka, layi bayan layi, har abin da gara ta cinye. Tun tana ƙarama take jin mahaifinta na karantar da shi. Ta ce bayan babin zakkar shanu take. Kawu ya duba, ɗaya ne daga wurare biyun. Ya sa ta a nan.

Asta ta shafa littafin da tafin hannu. Ta ce, "Da ka cusa ta ko'ina, da ban sani ba. Idanuna sun tahi tun bara."

Ya ce, "Ni da na sani, Inna."

Sai ta yi wa Mero magana da Fulatanci. Mero ta shiga bukka, ta janye tabarmi da ƙorai, ta fito da gafaka uku, fatarsu ta yi baƙi don tsufa, ta ajiye a gabansa.

Tsohuwar ta ce, "Ran nan da nic ce littahi guda gare mu, ƙarya niy yi, Allah shi gahurta min. Ban san ka ba. Waɗanga ma na Modibbo na, ko Bube bai taɓa buɗe su ba. Tahi da su a yi musu abin da anka yi ma wancan."

Kawu ya ce, "Yaushe zan maido su?"

Ta ce, "Ban sa maka rana ba."

Ya gaya mini sau uku yana ɗaure su a bayan keke igiya na kuɓuce masa. Bai hau keken ba, tura shi ya yi da ƙafa har Goronyo.