Barcin da Na Nema wa Baba

A ƙauyenmu da ke bayan Zurmi, ladan yakan makara, amma Babana bai taɓa makara ba. Kafin kiran farko za ka ji ƙarar butarsa a bayan ɗaki. Ya dawo daga masallaci ya ci ɗumame, ya saɓa fartanya. Da azahar yana gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gida yana jiran wata Bafulatana da ta shekara fiye da ashirin tana kawo masa nono, a dama masa fura ya sha ya yi gyatsa har maƙwabta su ji. Bayan magariba tuwon dawa. Ana sallame isha'i ya miƙe a shimfiɗa, ko ganga ake bugawa a kansa sai asuba. Muna yara mukan ce kaji kaɗai ke riga Baba kwanciya, su ma da ƙyar. Tun tasowata sau ɗaya na ga an kai shi asibiti, shi ma kunama ce ta harbe shi.

Da ɓarayin daji suka matsa wa yankinmu, shanun nomansa uku ne suka fara tafiya. Daga baya Bafulatanar ta daina zuwa. Ba wanda ya kore ta da baki, amma ta ga irin kallon da ake yi mata a bakin rijiya, ita ma tana da nata tsoron. Sai mazan gari suka fara gadin dare. Ƙanena, wanda Baba ke zaune tare da shi tun rasuwar mahaifiyarmu, ya ce wa Baba ya bar wa samari gadin, ai ya haura sittin. Baba ya ce, "In kwanta ɗiyan wasu su tsare ni? Ban tsuhwa hakanan ba." Haka ya koma mai kwana a zaune a bakin gari, da tocila da sanda. Barcinsa ya koma na rana, guntu-guntu, tsakanin kukan awaki da zafin kwanon rufi. Fura ta fita daga ransa tunda babu nonon kirki. Cin abincinsa na gaske ya koma tsakar dare, a wajen masu gadi.

Ni a lokacin ina Kaura Namoda da aure, ina koyarwa a firamare. Hanya ba ta biyuwa yadda mutum ke so, don haka zumuncina ya koma na aike. Duk mako sai na ɗaure kaya na ba mai babur ɗin garinmu: burodi, sukari, ganyen shayi, madarar gwangwani, taliyar leda. Ina jin kaina ƙwarai, ni ce 'yar da ba ta bar ubanta ya yi gadi da yunwa ba. Da ya fara kukan ciki a waya, sai na ƙara da kafso daga kemis, irin mai ja da rawayan nan. Ya sha kwana biyu, ya ji dama, ya ajiye. Ciki ya sake murɗawa, in sake aikawa. Ban taɓa tambayar kowa ba. Ni da nake hana ɗalibai cin mangwaro ba wanki, ni ce na yi damina uku ina ɗura wa ubana magani da ka.

Ciwon bai tsaya wuri ɗaya ba. Yau kumburi, gobe gudawa, jibi ya yi kwana huɗu bai zaga ba. Sai ƙishirwa, sai yawan fitsari. Ranar da ƙanena ya kawo shi Kaura na fito tarbarsa na ga rigarsa ta sallah tana yawo a jikinsa, sai da na koma ɗaki na yi kuka kafin na iya gaishe shi. A asibiti aka ce ciwon sukari ne, aka ba shi ƙwayoyi na safe da na yamma. Na ce ba zai koma gida ba sai ya warke, ko da za mu yi faɗa.

Maƙwabciyata nas ce, Kirista 'yar Filato, katanga ɗaya ta raba mu. Ta daɗe a Kaura har Hausarta ta fi ta wasu 'yan garin. Ita ta zo ta zauna a tabarma gaban Baba ta yi ta tambayarsa yaushe yake kwanciya, yaushe yake ci. Da ta gama ji sai ta ce masa, "Baba, a cikin hanjin kowa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu yawan gaske. Ba cuta ba ne. Su ke taya mu narkar da abinci, kuma suna da hannu a yadda jiki ke sarrafa sukari. Suna da lokacin aiki da lokacin hutu, kamar mai su. In mutum ya mai da dare rana, yana ci lokacin da jiki ke jiran barci, su ma sai su rikice. Ni ma aikin dare ya taɓa ɓata mini ciki." Sai ta ɗaga ledar kafson da ya zo da ita ta ce, "Wannan kuma ba ya tambayar waye mugu waye na gida. Duka yake kashewa." Ta ƙara da cewa ba za ta rantse wannan kaɗai ya kawo sukarin ba, amma bai taimaka ba.

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ashe bayan shanun da anka kora, akwai wani garke cikina da ban san da shi ba. To ɗiyata, ke kinka kore wanga." Da wasa ya faɗa, yana kallona da ƙauna. Ni kuwa maganar ta soke ni har ƙashi. Kuma halina ne, Allah ya shirye ni, in na ji kunya sai ta juye ta zama faɗa. A wurin na ƙudurta sai na mayar wa Baba barcinsa na dare da cikinsa na da, ko ana ha-maza ha-mata.

Na kafa doka kamar a aji. Da hantsi a fitar masa da kujera ya sha rana. Karin kumallo ƙarfe bakwai. Na sa aka nemo mini mai kindirmo ta wajen Kasuwar Daji, ana kawowa sau biyu a mako. Tuwon dare kafin magariba, daga nan an rufe kicin, makulli a haɓar zanena. Barcin rana na hana, in na ga yana gyangyaɗi sai in ƙaro muryar rediyo. Nas ta ce tsarin ya yi, amma in sassauta. Ta ce mai shan irin wannan magani bai kamata ya kwana da ciki wayam ba, in ya nemi abu da dare in ba shi ɗan kaɗan. Na ce to. A raina kuwa na ce in na buɗe wannan ƙofa, gobe shayi da burodi za su dawo. Ai na san ubana fiye da ita.

Cikin ya ɗan lafa, wannan gaskiya ne. Kumburin ya ragu, har ya fara tsokanar jikokinsa. Amma barci ya ƙi zuwa. Da an yi isha'i zai kwanta don ya faranta mini, ya rufe ido. In na farka cikin dare sai in hango shi zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, ya kasa kunne. Kaura gari ne na babura, kuma a ƙauyenmu ƙarar babur da dare ba ta da ma'ana biyu, ɓarayi ne. Wata rana na fito a fusace na ce, "Baba, nan fa ba ƙauye ba ne! Wa kake gadi?" Ya ce, "Na sani, ɗiyata. Kaina ya sani. Jikin na bai sani ba." Maimakon in zauna kusa da shi, sai na ce jikin zai koya. Wata biyu muna haka, ni ina ƙirga dararen da bai yi barci ba kamar ina ƙirga laifinsa.

Ranar wata Laraba gudawar ta ɗan dawo masa. Tuwon yamma loma uku ya yi ya ture kwanon. Na ba shi ƙwayarsa ta yamma kamar kullum, don ni ba na tsallake doka. Wajen ƙarfe goma na ji yana kirana a hankali, yadda yake yi in ba ya son mijina ya ji. Na leƙa. Ya ce, "Ba ki da ko dabino guda? Jikina na ɗan rawa." Na ce, "Dabino, Baba? Da sukarin naka? Rawar jiki rashin barci ne. Ka kwanta, da safe za ka ci abin da kake so." Ya dube ni, ya ce, "To, malama." Haka yake ce mini in na cika iko. Na ja masa ƙofa.

Da asuba ban ji butarsa ba. Na je na tura ƙofar a hankali, na same shi kwance a gefensa yana minshari, zufa ta jiƙa masa wuya. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba tun haihuwata ta fari. Mijina ya zo zai tashe shi su tafi masallaci, na tare ƙofa da jikina. Na ce shekara uku bawan Allah bai ga irin wannan barci ba, ya rama sallar in ya tashi. Yara suka fara hayaniyar shirin makaranta, na bi su da zare ido, na sa suka karya a zaure. Na yi ta yawo a tsakar gida da sanɗa, takalmi a hannu.

Ƙarfe bakwai ta wuce na ji nas ta dawo daga aikin dare tana buɗe ƙofarta. Na leƙa ta kan katanga ina murmushi na ce, "Albishirinki. Baba ya yi barci tun jiya, har yanzu bai motsa ba." Ba ta ce goro ba. Ta ce, "Me ya ci da daddare?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ya sha maganin?" Na ce ya sha. Sai kawai ta yar da jakarta a ƙasa ta zagayo da gudu. Ta girgiza shi, ta kira shi, ta ɗaga fatar idonsa. Bai amsa ba. Ta ce a nemo mota maza, sukarinsa ne ya faɗi cikin dare.

Wuni biyu ya yi a asibiti bai farfaɗo ba. Ranar Juma'a da la'asar ya cika. A Kaura aka rufe shi, don ba a iya kai shi gida ba.

Likitan ya ce mini jikin dama ya riga ya yi rauni, ba wanda zai iya cewa ga abin da zai faru da an kawo shi da wuri. Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare, kowa da ranarsa. Ƙanena bai taɓa furta mini kalma ɗaya ta zargi ba, nas ma haka. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba, kuma ina roƙa masa gafara a kowace sallah. Amma a daren nan akwai dabino cike da leda a kan durowata, wanda na saya don azumin Alhamis. Tsakaninsa da ƙofar Baba bai kai taku goma ba, kuma guda ɗaya ya roƙa.