Satin da Ba a Neman Desley

Duk wanda ya taɓa askin tumaki a kudu maso yammacin Queensland ya ci girkin Desley Hannaford, in bai ci ba ya ji labarinsa. Ita ce kukun ayarin Merv Tuckey, ɗan kwangilar da ke yawo da masu aski daga wannan gona zuwa waccan. Tun tana budurwa ta shiga harkar, tana kwasar ulu a ƙasan rumfar aski, sai da gwiwa ta fara ba ta wahala ta koma kicin. Ta taɓa auren wani direban babbar mota, zaman bai yi tsawo ba, ba su kuma haihu ba. Duk danginta a garin Cunnamulla mutum ɗaya ne, yayarta Glenys, wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwarsu.

Yanzu Desley ta haura hamsin. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta duk tabon tanda. Kafin gari ya waye ta hura wuta, ta soya ƙwai da haƙarƙarin tunkiya, kafin masu aski su sha shayin hantsi ta gasa burodi, da rana kuma gasasshen nama da dankali da kabewa. Bakinta ma bai fi wuƙarta sauƙi ba.

"Kuku," in ji Wiremu, wani ƙaton mai aski ɗan New Zealand, yana ja da nama da haƙori, "wannan tunkiyar ta ga yaƙin duniya ko?"

"Ta ga na farko ma. Ci ka tashi, ƙannenta na jiran ka a rumfa."

Desley tana da doka guda da take taƙama da ita: muddin ana aiki, ko ɗigon giya ba ya shiga bakinta. Masu aski su tashi da yamma su buɗe gwangwani, ita shayinta take sha. Haka za ta yi wata guda, wani lokaci fiye. Saboda haka in aka yi zancen mashaya, ita ma takan sa baki ta yi musu tir. Mashayi a wurinta shi ne wanda yake farawa tun safe, kullum, wanda aka kora daga aiki.

Amma ranar da aka aske tunkiya ta ƙarshe, mai gona kan kawo katan-katan na giya mai sanyi, kamar yadda aka saba. A nan Desley ke buɗe na farko. Daga gonar sai mashayar gari, daga mashaya sai gida da kwalaben barasa a jaka, ta ja labule. Takan yi kwana huɗu ko biyar a haka. Sai wata safiya ta farka da ɗaci a baki, ta yi wanka, ta kwashe kwalabe, ta goge gidan tas, ta jira Merv ya kira ta zuwa gona ta gaba. Haka ubansu ya yi har ya mutu, kuma ba wanda ya taɓa kiran sa mashayi, cewa ake yi mutum ne mai aiki tuƙuru da ke hutawa. Ita ma hutu take ce wa abin, ta yi kusan shekara talatin tana hutun.

A wani watan Oktoba aka gama aski a wata gona kusa da Eulo, komai ya tafi yadda ya saba. Ranar Alhamis ta samu ta fito, kanta kamar zai tsage, ta shiga kanti neman maganin ciwon kai da lemo mai sanyi. Matar da ke tsaron kantin tana sa mata kayan a jaka ta ce, "Ya jikin Glenys? An yi aikin lafiya?"

Desley ta tsaya. Ba ta san da wani aiki ba. Ta ce, "Lafiya lau," ta ɗauki kayanta ta fita.

Gidan Glenys a kulle yake. Wani tsoho maƙwabci yana ba furanninta ruwa ta saman shinge. Shi ya gaya mata cewa matarsa Lurline ta kai Glenys asibiti a Toowoomba tun ranar Lahadi, an samu ƙari a nononta, an cire ranar Talata. Ya faɗa yana kallon bakin tiyo, bai ɗago ido ba.

Ta koma motarta ta zauna. Ta so ta kama hanya a take, amma ta san in 'yan sanda suka tare ta suka ba ta abin hurawa na gwajin giya, a nan tafiyar za ta ƙare. Dole ta koma gida ta kwana. Washegari ta wuni tana tuƙi, tana shirya faɗan da za ta yi.

Ta tarar da Glenys a kishingiɗe, an naɗe mata ƙirji, tana ƙoƙarin ɓare lemo da hannu ɗaya. Desley ta karɓi lemon ta ɓare mata, sannan ta ce, "A kanti zan ji? Ni ƙanwarki?"

"Na so in gaya miki, Des. Da likita ya sa rana, sai na ga ta faɗa satin gama aski."

"To sai me?"

Glenys ta kalle ta. Babu fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. "Satin nan ba a neman ki. Kowa ya sani. Merv ya sani, mai kanti ta sani. Bikin 'yata ma sai da na tambayi Merv yaushe za ku gama kafin muka sa rana."

"Ai da kin ce min, da ban sha ba."

"Jana'izar mijina fa? Ita ce kaɗai ban iya zaɓar ranarta ba. Kin tuna yadda aka yi?"

Desley ta san ta je jana'izar, don ta ga kanta a hoto. Amma ba ta tuna komai a ciki ba, ba kuma wanda ya taɓa yi mata zancen.

"Ba na so ki ba ni labarin," ta ce.

"Ni ma ba na son bayarwa. Ba ni lemon."

Kafin ta tafi, Glenys ta gaya mata sauran zancen. Za a riƙa yi mata ƙarin magani a nan Toowoomba tsawon watanni, duk bayan 'yan makonni, kuma Lurline ta tsufa da wannan doguwar hanya. Desley ta ce ita za ta riƙa kawo ta. Glenys ta ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa mutum don a wuce wurin.

A farfajiyar asibiti Desley ta kira Merv. Ta tambaye shi kai tsaye ko gaskiya ne yana tsara aiki ne a kan shan ta.

Merv ya yi gyaran murya. "Kuku, ni ban taɓa rasa abincin safe a hannunki ba. Sai dai in aiki ya taso a satin nan, wata kukun nake ɗauka. Na sha yin haka, ban dai gaya miki ba."

"Sau nawa?"

"Da yawa."

Wannan ya fi zancen Glenys cin ta, ita da kanta ta yi mamakin haka. Shekara da shekaru tana ganin ba wanda ya san abin da ke bayan labulenta, ashe gari guda ne yake kewaye shi kamar rami a kan hanya.

Ranar Litinin, bayan ta koma Cunnamulla, ta je ƙaramin asibitin garin. Ma'aikaciyar jinyar, Bronwyn, ajinsu ɗaya a makaranta, abin da ya sa Desley ta zagaya titin sau da dama kafin ta tsaya. Da ta shiga, cewa ta yi gwiwa ce ta dame ta. Bronwyn ta duba gwiwar, ta lanƙwasa, ta miƙe.

"Gwiwar nan yadda na san ta take. Akwai wani abu?"

"Ina sha," in ji Desley. "Ba kullum ba. Amma in na fara ba na iya tsayawa."

Bronwyn ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma yi kamar ta yi ba. Ta jawo kujera ta tambaye ta me take sha, nawa, tun yaushe. Desley ta fara da rage adadin, sai ta ji abin ya gundure ta, ta faɗi gaskiya. Ba ta taɓa jin yawan daga bakinta ba. Ta ce, "Amma ina yin wata guda ban taɓa ba. Mashayi ai ba ya iya haka."

"Bar sunan, ba shi ya kawo ki ba," in ji Bronwyn. "Tunda kike, kin taɓa shan ɗaya ki tashi?"

Desley ta yi tunani da gaske. Ba ta samo ko rana ɗaya ba.

Aka ɗebi jininta. Likitan da ke zuwa garin sau ɗaya a mako ya ce hantarta ta fara jin jiki, amma akwai sauran gyara. Ya rubuta mata ƙwayar da ke rage sha'awar giya, aka haɗa ta da wata mai ba da shawara da za su riƙa magana ta waya, don a gona ba ta da halin zuwa ko'ina. Bronwyn ta kuma gaya mata akwai masu irin matsalarta da ke haɗuwa ranar Asabar da rana a zauren wani coci a garin Charleville.

Zuwan farko bai yi mata daɗi ba. Shayin salam ne, biskit ɗin na kanti, mutanen kuma suna ta labarin sha tun safe da korar aiki. Tana shirin zamewa sai wani siririn mutum mai tuƙa motar gyaran hanya ya fara magana. Ya ce shi a daji ba ya sha, ranar da ya shigo gari ne yake ɓata. Ya ce matarsa ta daina gaya masa ranar wasan yaransu a makaranta. Desley ta koma ta zauna. Asabar ta gaba ta zo da faranti cike da burodin da ta gasa, ta ce ba za ta iya daina giya a kan wancan biskit ɗin ba.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ranar gama aski. Da aka koma aiki, ta zaɓi lokacin shayin hantsi, ta ajiye tire ta ce, "Ku ji. Na daina sha. Ranar gamawa zan ba ku abincin rana in kama hanya kafin a buɗe katan. Wanda ya miƙo min gwangwani zai ci gishiri a shayinsa har a gama shekara."

Wani ya yi dariya ya ce ko ta shiga sabon coci ne. Wiremu ya juya ya kalle shi, dariyar ta mutu.

"Kuku," ya ce, "naman zai yi laushi yanzu?"

"Ba zai yi ba."

"To ba abin da ya canja." Ya ɗauki burodi.

Ranar gamawa shi ya loda mata tukwanenta a bayan mota tun ana askin sauran tumaki a rumfa.

Ta kai Glenys Toowoomba duk zuwan da aka sa mata, ba ta fasa ko ɗaya ba. Takan tsaya a gefen hanya ta riƙe mata kai in amai ya taso. Da gashin Glenys ya fara zuba, Desley ce ta aske mata sauran a bayan gida, tana cewa ta ga an yi wa dubban tumaki, ba abin wuya ba ne.

Bayan an gama maganin, likitoci suka ce ba su ga sauran ƙari ba. Sati biyu da wannan albishir Desley ta sha. Ba ranar gama aski ba ce ma, wata Laraba ce da ba komai, ta wuce ta gaban mashaya ta ji ƙamshi ta shiga. Ta yi kwana biyu. A rana ta uku ta kira Bronwyn da kanta, muryarta a dishe.

"Na ɓata komai."

"Kin yi kwana biyu, kin kuma kira ni. Sha ruwa, ki zo da rana."

Mai ba ta shawara ta gaya mata abin da ita ma ta riga ta gano: ta daina ne saboda akwai wanda za ta kai asibiti, yanzu babu, sai ta nemi dalilin da zai zauna. Desley ta ce ba ta da shi tukuna. Matar ta ce ba laifi, ta ci gaba da shan ƙwayarta da zuwa Charleville kafin ya samu.

Haka take yi har yanzu. Wasu abokan mashaya sun daina gaishe ta, wasu suna gaishe ta da nisa kamar mai mura. Hantarta ta ɗan farfaɗo. Ba ta cewa ta warke, in an tambaye ta takan ce yau dai ba ta sha ba. Abin da ya fi damun ta shi ne tsawon kwanakin da ba aiki, don ba ta taɓa sanin suna da tsawo haka ba. Ta gwada saƙa ta watsar, ta gwada lambu zafi ya ƙone shi. A ƙarshe ta sayi ƙugiya da sanda, takan ɗauki Glenys su tafi bakin kogin Warrego da sanyin safiya. Desley ba ta iya kamun kifi ba ko kaɗan, ba ta da haƙurin zama, tana jefa ƙugiya za ta jawo ta duba.

"Bar ta a ruwa mana, Des," in ji Glenys daga kujerarta. "Kifin ba zai biyo ki tudu ba."

Desley ta yi tsaki, ta sake jefawa, ta zauna a kan hannayenta.