Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Ƙanwata ta fi ni baki, ta fi ni wayo, tsawo ne kawai Allah bai ba ta ba. Tun da ta fara tafiya ƙafafunta suka lanƙwashe kamar baka, kanta ya yi girma, haƙora kullum cikin ciwo. In yara suka tsokane ta sai ta ce, "Ku yi ta gudu, ni ba wanda ya biyo ni."

A lokacin kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, manyan motoci sai ratsa gadar Wudil suke yi. Babanmu na sayar da soyayyen kifi a bakin titi, ciniki ya buɗe masa. Sa'o'insa suka sayi rediyo da babur, shi kuwa man kifi ya riƙa sayowa daga Kano kwalba-kwalba, da ƙwayoyin ƙarfafa ƙashi, don da su ƙafar ɗan maƙwabcinmu ta miƙe. Haka ƙanwar tawa za ta toshe hanci ta shanye, ta ce saura ita ma ta fara iyo. Kakarmu ba ta yarda da abin kwalba ba. Da hantsi take goya ta zuwa bakin kogi, ta binne ƙafafun cikin yashi mai ɗumi ta danne, ni ina riƙe mata hannu.

Ba abin da ya miƙe. Da aka kai ta asibiti a Kano, likita ya ce nata ba irin na ɗan maƙwabci ba ne, na gado ne. Abin da ƙashi ke bukata jikinta ba ya riƙewa, fitsari ke tafiya da shi. Baba ya dawo, amma bai daina sayen maganin ba.

Ita dai burinta makaranta. Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, ta riga kowa wanka, ni na raka ta. Ba a tambayar takardar haihuwa a lokacin, wa ke da ita? Yaro zai ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kamo, ya isa shiga. Yaran da ta girme suka yi ta wucewa. Da aka zo kanta ta miƙa hannu, ta karkata wuya, ta cije leɓe, yatsun suka tsaya can saman kunne, ba su kamo shi ba.

Na ce, "Malam, wallahi ta isa. Har karatu ta fara iyawa a wurina."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Yarinya, je ki gida ki ci tuwo, baɗi kya dawo."

Har yau in na tuna sai zuciyata ta karye. Na goyo ta muka kamo hanya, ina jin hawayenta na jiƙa mini baya. Da muka hango ƙofar gida sai ta ce:

"Yaya, in Baba ya tambaya, ki ce layi ne ya yi yawa."